Embiya: ƙwarin da ke saƙa da ƙafa, da tsadar zama cikin siliki

A ƙasashe masu zafi, wanda ya ɗaga dutse da damina ko ya ɓamɓare busasshen ɓawon itace yakan ci karo da wani farin abu shimfiɗe a wurin, ya yi rassa ya bi tsagogi. Kallo ɗaya za a yi masa a ce yanar gizo ce, ko kuwa fumfuna ce da danshi ya kawo. Idan aka sa tsinke aka yaga shi a hankali sai a ga ashe bututu ne, kuma da mai gida a ciki: wani siririn ƙwaro mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi, tsawonsa bai cika kai santimita 2 ba. Kafin a gama ƙare masa kallo ya zura da baya-baya, da saurin da ba a zata ba, ya shige tsaga.

Wannan shi ne embiya, daga rukunin ƙwarin da masana ke kira Embioptera. Nau'o'in da aka raɗa wa suna a rukunin sun ɗan haura 400, ana kuma samun su a kowace nahiya in ban da Antatika, sai dai sun fi yawa a inda ake zafi. Ba sa cizo, ba sa harbi, ba sa shiga rumbu, ba a san su da yaɗa wata cuta ba, shi ya sa ba wanda ya damu da su. Abin da ya sa suka cancanci a tsaya a kansu shi ne da wuya a sami wata halitta da abu guda ya mallake rayuwarta kakaf yadda siliki ya mallake tasu. Siffar jikinsu, tafiyarsu, fikafikan namiji, rashin fikafikan mace, renon 'ya'ya, har da yadda suka bazu a duniya, duk bututun nan ne ya tsara su, kuma kowace kariya da ya ba su sai da suka biya kuɗinta da wani abu.

Saƙar siliki ba baƙon abu ba ce a duniyar ƙwari. Wasu masana a Ostireliya da suka bi diddigin lamarin a 2010 sun kasa silikin ƙwari gida 23, kowanne da alamar ta hanyarsa daban ya samu. Mu ma nan mun san guda. Zaren tsamiya da masu ɗinkin hannu ke yi wa babbar riga aiki da shi, tsutsotsi ne ke yin sa, waɗanda ke taruwa su saƙa gida ɗaya a kan itace, a kwaso gidan a dafa da ruwan toka sannan a kaɗa. Su waɗannan tsutsotsi, da takwarorinsu na silikin Sin, ta baki zaren ke fito musu, daga jakunkuna biyu kacal, kuma da zarar tsutsa ta rikiɗe ta yi fiffike saƙa ta ƙare mata. Jajayen tururuwan da ke haɗa ganyen mangwaro su yi gida a wasu sassan Afirka ta Yamma ba sa iya saƙa da kansu, sai dai babba ta ɗauko tsutsarsu a baki ta riƙa goga ta a bakin ganye. Gizo-gizo kuwa, wanda ma ba a lissafa shi cikin ƙwari masu ƙafa shida, ta ƙarshen cikinsa yake fitar da zare.

Embiya ta ƙafa yake yi. A kowace ƙafar gaba akwai wata gaɓa kusa da ƙarshe da ta kumbura sosai, ko da ido ana iya ganin kumburin. Cikinta cike yake da 'yan jakunkuna masu haɗa ruwan siliki, a wasu nau'o'in sukan kai 150 a ƙafa ɗaya, wato 300 ke nan a jikin ƙwaro guda. Kowace jaka tana da siririyar hanyarta da ta ɓulla ƙarƙashin ƙafar, ta ƙare a wani abu mai kama da gashi amma da rami a tsakiyarsa. Ƙwaron zai danna ƙafar a jikin itace ko dutse, ruwan ya fito ya manne, ya ja ƙafar, zare ya miƙe ya bushe. Da yake jakunkunan na da yawa, taku ɗaya zare masu yawa yake fitarwa lokaci guda, shi ya sa abin da ke fita ya fi kusa da ƙyalle fiye da igiya. Banda embiya, waɗanda aka fi sani da siliki a ƙafa su ne mazan wasu ƙananan ƙudaje da ake kira Hilara, su kuma ba gida suke yi da shi ba, kyautar da za su miƙa wa mace suke naɗewa.

Kuma babu wanda aka bari a baya a saƙar. Jariri daga ƙyanƙyasa yana iyawa, uwa tana yi, namiji ma yana yi, har ranar mutuwa.

Zaren kansa yana cikin mafi siranta da aka taɓa aunawa a jikin wata halitta. A wasu nau'o'in da aka auna kaurinsa bai wuce nanomita 90 zuwa 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), akwai ma wani nau'i na Ostireliya, Aposthonia gurneyi, da aka auna nasa a kusan nanomita 65. Sai an jera irinsa kusan dubu kafin a kai kaurin gashin kan mutum guda. Da aka bincika furotin ɗin da ke cikinsa an tarar ya cika da sinadaran amino uku, glisin da serin da alanin, irin waɗanda suka fi yawa a silikin tsutsar Sin, alhali ƙwarin biyu ba dangin kusa ba ne, ɗaya ta baki yake yi ɗaya ta ƙafa.

Matsalar farko a nan take. Wanda ƙafarsa ke fitar da zare duk lokacin da ta danni ƙasa, yaya zai yi tafiya bai ɗaure kansa ba? Wani bincike da masana daga Jami'ar Kiel ta Jamus suka jagoranta a 2019 ya nuna cewa dannawar ce ke fitar da zaren, babu wata tsoka da ke buɗewa ko rufe jakunkunan. Don haka idan embiya zai yi tafiya kawai, sai ya ɗage gaɓar mai siliki kada ta taɓa ƙasa, ya taka da ƙarshen ƙafar. A taƙaice ƙafafun gaban sun zama kayan sana'a, ba su da wani kirki wajen gudu. Ƙarfin gudun sai ya koma baya. Cinyoyin ƙafafun baya sun yi kauri da tsoka, kuma tsokar an tsara ta ne don jan jiki da baya. A wutsiya akwai 'yan tsinkaye biyu masu gaɓa biyu-biyu, cike da gashin ji, su ke laluba masa hanya idan yana gudun. Wannan ya dace da zaman bututu, domin haɗari galibi daga bakin bututun yake zuwa, wajen da ake kiwo, mafaka kuma tana can baya cikin tsaga. Jikin dogo ne, siriri, mai laushi, gajerun ƙafafu, kai ya miƙe gaba maimakon ya sunkuya. Idan ta kama ya juya, yana iya naɗe jikinsa biyu a cikin bututun ya fuskanci inda ya fito.

Yadda ake saƙa bututun ma abin kallo ne. Janice Edgerly-Rooks ta Jami'ar Santa Clara a Kalifoniya, wadda ta shafe shekaru da dama tana nazarin ƙwarin nan, ta ɗauki bidiyon nau'o'i daban-daban ita da ɗalibanta, suka riƙa ƙirga kowane taku. Ƙwaron yakan miƙa ƙafar dama gaba, ya kai ta gefe, ya ɗaga ta bisa bayansa, ya ketara ta hagu, sannan ƙafar hagu ta maimaita, ya mirgina ya kwanta rigingine ya saƙa rufi, ya juya ya saƙa ɗaya ɓangaren, taku dubbai a zama ɗaya. Jikinsa shi ne ma'aunin, shi ya sa faɗin bututun ke zuwa daidai da shi, gashin jikinsa na taɓa bango ta ko'ina. Sun kuma lura cewa salon takun ya bambanta gwargwadon inda nau'in ke zama. Masu zama a fili a jikin itace sun fi yawan saƙa, suna yin faffaɗan mayafi da zai rufe su da abincinsu gaba ɗaya. Masu zama cikin busassun ganye ko tsagar ƙasa kaɗan suke yi, iya abin da zai liƙe ganye da ganye ko ya shafe bangon tsaga.

Abincin nasu ba wani abin a zo a gani ba ne: gansakuka, da ɓawon nan mai launin toka ko kore-kore da ke manne wa itace da duwatsu, da ruɓaɓɓen ganye, da saman ɓawon itace. Ba sa fita neman sa a fili. Idan na ƙarƙashin mayafin ya ƙare, sai su ƙara saƙa gaba, galibi da dare, su rufe sabon wuri sannan su ci. Gidan ne ke tafiya wajen abinci.

Namiji shi ne wanda tsarin nan ya fi matsa wa. Mace ba ta da fiffike ko kaɗan a duk rukunin, siffarta ta 'ya'ya ce da ta ƙara girma. Amma dole wani ya bar gida ya nemi wani gidan, in ba haka ba dangi su yi ta auren juna. A nau'o'i da yawa namiji ne ke da fikafikai huɗu, dogaye, masu duhu-duhu da fararen layuka. To fiffike mai tauri bala'i ne ga wanda ke gudu da baya a cikin matsattsen bututu, domin zai maƙale a siliki. Nasa sai aka yi su da laushi, har idan yana ja da baya sukan lanƙwashe su kifo ta kansa. Idan zai tashi kuma, akwai wasu jijiyoyi masu faɗi a cikin fiffiken da yake tura musu ruwan jikinsa su cika su yi tauri, kamar yadda ake hura tayar keke, ya sauka kuma su sace. Tashin ba na a yaba ba ne, fafur-fafur ne kawai, amma yana kai shi inda za shi. A wasu nau'o'in, musamman na wurare masu fari, namijin ma ba shi da fiffiken sam.

Daga ranar da ya yi saɓarsa ta ƙarshe ya zama baligi, yawanci ba ya ƙara cin abinci. Haƙoransa sun sauya siffa, sun fi amfani wajen riƙe mace da yaga silikin gidan da zai shiga. Kwanakinsa kaɗan ne, kuma a wasu nau'o'in an ga mace ta cinye shi bayan saduwa. Shi ne kaɗai ɗan gidan da mutane kan gani ba tare da sun nema ba, domin haske na jan sa da dare. Mai kallo zai iya ɗaukar sa shinge, saboda fikafikan gaba da na baya kusan girmansu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne kumburin ƙafafun gaba, da kuma tsinkayen wutsiya, waɗanda a namijin embiya na hagu da na dama ba su cika zama iri ɗaya ba.

Rayuwar mace an fi sanin ta ne ta wani nau'i na tsibirin Tirinidad, Antipaluria urichi, wanda Edgerly-Rooks ta fara bi tun shekarun 1980. A dajin can mayafinsu kan rufe babban yanki na jikin itace. Uwa takan jera ƙwayayenta wuri ɗaya, ta tauna ɓawo da sauran tarkace ta shafe su da shi, ta lulluɓe da siliki, sannan ta tsaya a kansu makonni. Ba don ado take tsayawar ba. Akwai wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro, Embidobia, da ke kutsawa cikin silikin ya saka ƙwansa a cikin ƙwan embiya, ɗansa ya cinye na ciki ya fito a madadinsa. Uwa na nan tana kora, da girgiza jiki da kai hari. Idan aka ɗauke ta, ƙwayayen sukan zama rabon zanzaron da tururuwa. Bayan ƙyanƙyasa ma takan zauna da 'ya'yan tana ƙara musu saƙa, an kuma ga cewa masu uwa sun fi marayu saurin girma. 'Ya'yan ba sa bin matakin tsutsa, da siffar manya suke fitowa, su yi saɓa huɗu su balaga.

A nan ne mutane ke saurin yin kuskure. Da an ga iyaye mata da yawa da 'ya'yansu ƙarƙashin mayafi ɗaya sai a ce ai irin zaman gara ne ko na zuma. Ba haka ba ne. Babu sarauniya, babu ma'aikata, babu sojoji. Kowace mace tana haihuwar nata, kuma mai tsaron ƙwai ba ta ƙaunar maƙwabciya ta matso: takan girgiza jikinta silikin ya ɗauki motsin, in ba a ji ba ta kai hari. Wasu matan ma su kaɗai suke zama su yi renonsu lafiya lau. Taruwar tana da riba, domin wadda ta shigo gidan da aka riga aka saƙa ta huta da zaman fili, kuma babban mayafi yana da wuyar ƙarewa a hannun maƙiyi. Tana kuma da hasara, domin ƙwai da yawa a wuri guda kiran zanzaro ne. A ganina abin da ya haɗa su rufin ne kawai, ba wani aiki na tare ba. Abincin da suke ci a shimfiɗe yake ko'ina, ba a tara shi, ba a ɗauko shi daga nesa, kowa na iya saƙa nasa tun yana jariri. Babu wani dalilin da zai sa wata ta bar haihuwa ta koma yi wa wata bauta, wanda shi ne ginshiƙin zaman gara.

To me silikin ke karewa takamaimai? Amsa mafi ƙarfi ita ce maƙiya masu yawo a jikin itace, tururuwa a kan gaba. An sha ganin tururuwa na tafiya a bisa mayafin, embiya na ƙarƙashinta, ba ta san da shi ba. Wasu nau'o'in sukan ƙara da manna kashinsu da taunannen ɓawo a saman silikin har ya saje da itacen. Sai dai ba ganuwa ba ce. Tsuntsu na yaga shi, tururuwar da ta gane tana huda shi, gizo-gizo da tsaka na jira a baki. Akwai ma wani dangin zanzaro guda, Sclerogibbidae, da duk duniya ba su da wata sana'a sai embiya: macen takan shiga bututun ta harbi ɗa, ta manna masa ƙwai a jiki, tsutsar ta riƙa tsotsarsa daga waje har ya mutu, sannan ta yi nata gidan a cikin bututun. Gidan da ya ɓoye su daga maƙiya dubu ya haifar musu da maƙiyi ɗaya da ya ƙware a kansu, kuma a cikin bututu babu wajen kaucewa.

Sai ruwa. A dajin da ake sheƙa ruwan sama kusan kullum, ƙwaro mai laushin jiki da ke manne a itace na iya tafiya da ruwa. Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2016 da 2018 sun nuna cewa ɗigon ruwa ba ya ratsa mayafin, zama yake yi a sama ya manne, kuma silikin masu zama a fili idan ya jiƙe ya bushe zarensa kan haɗe ya zama sumul, ruwa na gaba ya zame. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke sha. Ƙwaron yakan zo ƙarƙashin ɗigon ya huda ƙaramar kafa da baki, ya tsotse, sannan ya saƙe kafar. Game da zafi kuwa, silikin kaɗai bai isa ba. A wurare masu rani sukan zaɓi gefen dutse mai inuwa, idan fari ya tsananta su bi tsagar ƙasa su nutsa, sai ruwa ya sauka su dawo sama. Shi ya sa mai neman su da rani zai iya tarar da tsohon siliki babu kowa a ciki.

Yanzu a dubi abin da ya biyo bayan rashin fiffiken mace. Namiji na iya tashi, amma namiji ba ya kafa gari. Sabon gida sai mace ta isa wurin, ita kuwa tafiyar ƙafa ce gare ta, ba ta da nisa, kuma duk takun da ta yi a wajen siliki a bakin ranta take yin sa. Don haka nau'o'i da yawa a ɗan yanki guda suke tsare. 'Yan kaɗan da suka game duniya, mutane ne suka ɗauke su ba da sani ba. Oligotoma saundersii, wanda asalinsa ake dangantawa da Indiya, yau ana samun sa a ƙasashe masu zafi da dama saboda safarar tsirrai da kaya ta jiragen ruwa. Ɗan uwansa baƙi, Oligotoma nigra, ya zama ɗan gida a Arizona da kudancin Kalifoniya, inda mazansa ke taruwa a fitilun ƙofar gida da zafi. Masana na ganin ya shiga Amurka ne tare da dashen dabino da aka riƙa kaiwa daga Masar da yankin Tekun Fasha tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Duk wanda ya san dabino zai ga hikimar zancen: ba daga ƙwallo ake dasa iri mai kyau ba, ɗan da ya tsiro a gindin uwa ake cirewa, da zarensa da tsagoginsa da ƙasarsa, kuma mace ɗaya mai ciki ta isa.

Wani lokaci ma ko cikin ba a buƙata. A Kalifoniya akwai wani nau'in embiya na jinsin Haploembia da ya zo daga yankin Bahar Rum, duk mata ne, ƙwansu na ƙyanƙyashewa ba tare da namiji ba. Wani masani ɗan Italiya da ya yi nazarin danginsu a tsibirin Sardiniya ya danganta samuwar irin wannan haihuwa da wata ƙwayar cuta da ke kashe wa maza ƙarfin haihuwa.

Tsarin nan tsoho ne. A 2009 masana biyu, Diying Huang da André Nel, sun bayyana burbushin embiya daga duwatsun Mongoliya ta Gida a ƙasar Sin, waɗanda masana ke ƙiyasta shekarunsu da sama da miliyan 160. A cikin daskararren ƙaron itace na Miyanma, mai kimanin shekara miliyan 99, an sami maza da kumburarrun ƙafafunsu na gaba yadda suke a yau. Binciken ƙwayoyin gado kuma ya nuna cewa danginsu mafi kusa su ne ƙwarin nan masu kama da tsinke ko kara, kuma ƙwan su biyun yana da ɗan murfi a ka da jariri ke turewa ya fito. Ɗaya ya ɓuya ta hanyar saje wa reshe, ɗaya ta hanyar saƙa wa kansa rufi. Idan aka dubi tsawon zamanin nan, nau'i ɗari huɗu da 'yan kai ba yawa ba ne, ganin cewa gara ta kai kusan 3,000, tururuwa kuma ta haura 13,000. Ana iya cewa bututun ya tsare su amma ya hana su gwada wata rayuwa: babu embiya mafarauci, babu mai shan ruwan fure, babu mai zama cikin ruwa, kusan duk siffarsu ɗaya.

Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci da wannan adadi, domin rabinsa labarin ƙarancin masu nema ne. Tun zanen da masanin Faransa Savigny ya fitar na wani embiya daga Masar, bayan yaƙin Napoliyon a can, da sunayen da masanin ƙwari Westwood ya raɗa a Ingila a 1837, waɗanda suka ba da ransu ga rukunin ba su da yawa. Babbansu shi ne Edward Ross na Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke San Faransisko, wanda aka haifa a 1915 ya rasu a 2016. Ya zaga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da Ostireliya da mota yana ɗaga duwatsu da ɓawon itace. Wahalar aikin ita ce mata da 'ya'ya kusan duk kamarsu ɗaya, ba a iya tantance nau'i sai da namiji baligi, ta siffar gaɓoɓin ƙarshen cikinsa, shi kuwa namiji ba ya daɗewa a duniya. Dole Ross ya riƙa kwaso su da rai, ya reno su a cikin kwalabe da busassun ganye, ya jira wata da watanni har namiji ya fito. Shi da kansa ya ƙiyasta cewa nau'o'in da ke duniya za su kai 2,000, kuma ya rasu ya bar da yawa a ma'ajiyar cibiyar ba a kai ga raɗa musu suna ba.

Tambayar da ba ta taɓa rasa mai yin ta ita ce ko za a iya kiwon su a sami zaren saƙa. Amsar a'a ce, kuma dalilin na cikin yadda suke yin sa. Tsutsar Sin dogon zare ɗaya take naɗe kanta da shi, mai tsawon ɗaruruwan mitoci, shi ya sa ake iya warware shi a kan mazari. Na embiya gajeru ne, dubbai, a sarƙe da juna, haɗe da kashi da tarkace, kuma duk abin da gida guda zai saƙa bai kai nauyin da za a auna a kasuwa ba. Masu binciken kayan zamani abin da ke jan hankalinsu daban ne. A masana'anta, fitar da zare mai kaurin nanomita 100 yakan buƙaci wutar lantarki mai ƙarfi da sinadarai masu narkarwa, ga shi ƙwaro yana yin sa da danna ƙafa kawai, a zafin gari, ya sami mayafin da iska ke ratsawa ruwa kuma ba ya ratsawa. Irin wannan ake nema wajen yin matata da abin rufe rauni, kuma ƙoƙarin da ake yi na kwaikwayon dabarar ne a ɗakin gwaji, ba na kiwon ƙwaron ba.